Baƙin da na kora daga kwamfutar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan ta Karaye" tun da aure ya kai ni Unguwar Hajji a can Karaye. Bai taɓa roƙona komai ba kuma, ko da ruwan alwala ne. Da na tuna da haka ranar da na zauna gaban kwamfutarsa, da na bi a hankali.

Kwamfutar tsohuwa ce, ƙanena ya bar masa da zai koma Kano. Baba tsohon malamin firamare ne, kuma a ƙauyenmu Ruwan Bago kusan shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san iyakokin gonaki: wace tsamiya ce ta raba gonar wane da ta wane, ta ina burtalin shanu ya bi kafin a cinye shi da noma. Sa'o'insa sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ya ƙudurta rubuta duk abin da ya sani, kada wata rana 'yan uwa su ɗauki gatari a kan taku uku na ƙasa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, da hantsi, a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Batir ne matsalar. A shagon mai sola ake cajinta, cajin da ƙyar yake kai awa guda, kusan rabi kuma wajen tashi yake ƙarewa. Na gani da idona da na je gida bayan an cire gyaɗa. Baba ya danna maɓalli, ya harɗe hannu. Can sai manhajoji suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya: wannan tana neman a sabunta ta, waccan tana ba da labarin ruwan sama a wani birni da ba mu taɓa ji ba, wata ta kiɗa, wata ta ce ta zo shara. Daga ƙarshe ma rubutun ya kumbura, harafi ɗaya kamar babban yatsa. Kowacce ta tambaya, Baba ya danna mata "to".

Na ce, "Baba, ai rufe su ake yi."

Ya ce, "Baƙo ya yi sallama ka rufe masa ƙofa? Bari su gama gaisuwarsu."

Ni kuwa zuciyata a kusa take, kuma aikina ke nan, ni ke buga takardu a ofishin wata makaranta. Raina ya ɓaci ganin tsoho na zaman jira, batir na zuba a banza. Yana tafiya sallar azahar na jawo kwamfutar. Na buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da ita, na bi su kan mai uwa da wabi, na kashe. Ban tsaya karanta sunayensu ba. Na leƙa masu aiki a ɓoye suna cin batir kamar gara, su ma na sallame su.

Da ya dawo na ce ya kunna. Kafin ya gyara zama ta tashi, fes, rubutu ƙanana a jere. Ya matso da fuskarsa, ya ja baya. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na hau mota zuwa Karaye kaina ya yi girma, har na ba maigidana labari sau biyu.

Bayan mako uku na koma. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Muka gaisa, ta tambayi yara da mutanen Karaye, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Tun da kika gyara abin nan ko alif bai rubuta ba. Kullum sai ya aika a yi caji, ya buɗe, ya zuba masa ido, ya rufe."

Na ce, "Ta sake lalacewa ne?"

Ta ce, "Idonsa ne. Ya fi shekara. Mai solar nan ne ya sa masa wani abu mai ƙara girman rubutu, da ya kunna sai ya fito da kansa. Ya hana ni faɗa wa kowa, balle ke."

Ashe kumburin da na ɗauka cuta ce, shi ne idon Baba. Mako uku yana zaune gaban rubutun da ba ya gani, ya gwammace haka da ya ce wa 'yar farinsa ta yi ɓarna. Kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta.

Na ɗauko kwamfutar, na koma jerin nan, wannan karon ina karanta kowane suna. Na samo manhajar ƙara girman rubutun, na mayar da ita ita kaɗai. Na ajiye masa a kan tabarma, na koma gefe.

Da ya zo muka gaisa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya. Ya kunna. Haruffa suka fito manya-manya. Ya daɗe yana kallonsu, leɓensa na motsi, yana neman inda ya tsaya. Bai ce na gode ba, ni ma ban ce ya yafe mini ba, ba a haka a gidanmu.

Sai ya juyo da kwamfutar wajena, idonsa a kan darbejiya.

Ya ce, "Ke, in ba sauri kike ba, zauna ki buga, ni in faɗa. Mun tsaya a tsamiyar gabas."

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma wannan ne abu na farko da Baba ya taɓa roƙona. Na zauna.