Baba Kar-a-Yar da Maɓallan Yayana

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagonsa. Kafin ya taɓa kwamfutar kowa sai ya share teburi, ya shimfiɗa farin tawul, ya ajiye kiret ɗin ƙwai a damansa. Ba ƙwai yake sayarwa ba. Kowane noti da ya kwance daga jikin kwamfuta yana da raminsa a kiret ɗin, bi da bi, don kada wajen mayarwa dogo ya shiga gurbin gajere ya huda abin da ba a aike shi ba. Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai ɗaukar hoton fasfo. In mutum uku suka shiga, sai ɗaya ya fita. Sauran wurin buhuna sun cinye shi, cike da tsofaffin kwamfutocin cinya da masu su suka fid da rai da su.

Baba Kar-a-Yar ake ce masa, don maganar da ba ta barin bakinsa ke nan. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, saboda hannunsa ya soma rawa, 'yarsa kuma ta kafe sai ya koma wurinta ya huta. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Duk wanda ya kawo masa gyara, tambaya ɗaya yake fara yi: "Me kake yi da ita?" Wani tela a layin ya ba ni labari cewa kekensa na surfani ba ya karɓar umarni sai daga wata tsohuwar kwamfuta mai faffaɗan soket a baya, irin wanda aka daina yi. Da ta mutu, shago huɗu suka ce ya sayi sabon keke. Baba ya haɗa masa ɗaya daga gawa uku, ga ta nan tana aiki har yau. Ita kuwa matar da ke kantin magani ta ce ya taɓa hana ta sayen sabon gilashin kwamfuta, ya nuna mata wata siririyar waya ce kawai ta tsinke a maƙogwaron murfin.

Nawa labarin ya fi nasu ban kunya, don ni ce na yi ɓarnar.

Yayana makaho ne. Yana da shekara talatin da takwas idanunsa suka tafi, lokacin yana buga takardu a ofishinsu. Bai bar aikin ba. Aka sa masa wata murya a kwamfutarsa da ke karanta masa abin da ya buga a kunne, ya ci gaba da rubuta bayanan taro, kuma ya fi masu ido sauri. Shekara goma sha huɗu yana kan wannan kwamfuta ɗaya, baƙa mai nauyi kamar bulo.

Wata Lahadi na je gidansa, bisa kuskure na zuba wa kwamfutar shayi. Kofi guda cur, har da madara. Rabin maɓallan suka daina amsawa. Maimakon in faɗa masa, sai na yi wayo irin nawa: na saɓe ta zuwa wani babban shago mai ƙyalli, suka cire tsohon kibod suka sa sabo fil, na mayar da ita inda take. A raina na ce ai ba gani yake ba.

Layi ɗaya ya buga ya ɗaga hannu. "Auta, wa ya taɓa min kwamfuta?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyata ƙaramin abu ce a kan abin da ya biyo baya. Kwana uku Yaya yana kai takardu cike da kurakurai. Sabon shugaban ofishin dama yana ganin makaho a kujerar mai buga takardu almubazzaranci ne, sai ya samu abin da yake nema. Ya ce akwai babban taro ranar Litinin, in bayanan suka fito haka, Yaya ya shirya karɓar takardar sallama daga aiki. Mutum mai 'ya'ya huɗu, wanda ba abin da ya tsana kamar a ce masa zauna a kawo maka.

Ranar Alhamis na ja shi zuwa ƙarƙashin matakalar nan. Baba ya saurare mu, ya jawo kwamfutar, sai na ga ya rufe idanunsa ya ɗora yatsu a kan maɓallan. Ya jima a haka.

"'Yata, wannan kibod ɗin na wata ƙasa ne daban," in ji shi. "Duba nan. Maɓallin da ke fito da babban baƙi an gajarta shi, an cusa wani a gefensa. Ƙaramin yatsansa na zuwa inda ya saba, sai ya tarar da baƙo. Ina tsohon?"

Na ce na bar shi a can shagon.

"A kwandon shara ke nan. Maza je ki tono shi."

Na je, na tono shi a gaban samari masu ƙunshe dariya, ɓawon ayaba manne a bayansa. Da na kawo, Baba ya kama hannuna ya goga a kan maɓallan. Ashe kowanne ya lotsa daidai da yatsan Yaya, wasu sun yi santsi, biyu ma Yaya ya ɗiga musu gam don ya riƙa gane su. Baba ya ce shayi ya kashe wayoyin ƙasa ne kawai, hulunan maɓallan da yatsa ke taɓawa lafiyarsu ƙalau. Abin da za a yi shi ne a samo kibod mai rai a mayar masa da waɗannan huluna.

Na ce to ai da sauƙi. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce masana'anta uku ne suka yi wa irin wannan kwamfuta kibod. A ido duk ɗaya suke, amma 'yan ƙugiyoyin da ke riƙe maɓalli daga ƙasa sun sha bamban, hular wannan ba ta zama a kan wancan. Sai an dace da lambar da ke manne a baya.

Buhu shida ya zazzage a ranar. A na shida ya samu ɗaya mai lambar, maɓallansa tara sun ɓace, irin wanda ko kyauta aka ba ni ba zan ɗauka ba. Juma'a da Asabar ya yi yana ɓalle maɓallai da hantsaki yana dasawa, guda tamanin da bakwai, kowanne da ƙugiya siririya kamar ƙayar kifi. Ya karya biyu, ya sake komawa buhu.

Bai tsaya nan ba. Ya tambayi Yaya ko yana sa faifai. Yaya ya ce rabonsa da faifai har ya manta. Sai ya zare mazubin faifan ya zura batir na biyu a gurbinsa, don kada dogon taro ya kashe ta a tsakiya. Ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, muryar da ke kunnen Yaya ta daina in'ina. Ya kuma rage hasken gilashin har ƙasa.

"Malam, kana bukatar hasken nan?"

"Baba, kashe shi ma gaba ɗaya," in ji Yaya. "Dama na 'yan sa ido ne."

Ranar Litinin taron ya ci awa huɗu. Yaya ya miƙa shafi goma sha ɗaya, shugaban ya bi su da jan biro bai samu inda zai ɗiga ba. Shekara biyar ke nan da yin haka, Yaya yana nan a kujerarsa.

Baba, kai ne ka rufe idonka don ka ga abin da makaho yake gani, abin da ni ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ban yi tunanin yi ba. Kai ne mai tambayar mutum aikinsa kafin ka tambayi kwamfuta ciwonta. Kuma da ka ji hannunka ya soma gardama, ba ka tafi ka bar mu a rana ba. Wata uku ke nan duk Asabar kana zaunar da Yaya, kana ɗora yatsunsa a kan noti huɗun da ke riƙe kibod, har ya iya kwancewa da ɗaurawa shi kaɗai. Ka haɗa masa kwali da fanka biyu, da batir, da kibod mai waccan lamba, kowanne ka ɗaure shi da zare mai ƙulli daban don ya gane da hannu.

Masu gyara da ke tasowa, ku leƙa shagon nan kafin wata ya ƙare, ko buhu ɗaya ku ɗauka, ku kuma ɗauki tambayarsa. Mu masu kai gyara, mu daina saurin cewa abu ya mutu don kawai ya tsufa.

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba hannun nan hutu mai daɗi. Wannan rubutu ni nake faɗa, Yaya yake bugawa a kan maɓallan da ka dasa. Da na zo ƙarshe na ce ya rubuta na gode, sai na ji ya buga sau biyu. Na ce ai sau ɗaya na faɗa. Ya ce ɗayan nasa ne.

Na gode. Na gode.