Shaidar da Arzika Ya Sayo a Tsamiya

A ƙauyenmu da ke gefen Kaoje, in an ce Arzika sai an ƙara da "mai ganin wata", don akwai wani Arzikan mai sayar da taki, kuma ba a so a haɗa su. Masunci ne, ɗan masunta, dogo siriri, ba shi da yawan magana. Ni maƙwabcinsa ne sama da shekara ashirin, ina koyarwa a firamare, kuma na fi shi surutu nesa ba kusa ba. Shi ya sa labarin nasa ya faɗo a bakina.

Tun yana saurayi Allah ya ba shi ido. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, kafin rana ta faɗi, zai hau tudun da ke bayan fadamar shinkafa ya tsaya yana duban yamma. In ya ga jinjirin wata, sai ya gangaro zauren maigari. A tambaye shi inda ya tsaya da inda ƙahonnin watan suka fuskanta, ya rantse da idonsa ya gani, sannan a aika wa hakimi, saƙo ya wuce Sakkwato. Shekara talatin ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Har danginmu na ƙetaren iyaka, cikin Benin, sukan bugo waya bayan magariba, tambayarsu ɗaya ce, ko Arzika ya gani.

Sai ga shekara biyu a jere ya ce ya gani, amma babu wanda ya gani a duk faɗin ƙasar. Wasu gidaje suka tashi da azumi a kan maganarsa, sauran gari suka cika talatin. Ba wanda ya ce masa maƙaryaci. Abin da aka yi ya fi haka ciwo: in ya shigo zaure sai a sassauta murya, ana yi masa irin gaisuwar da ake yi wa mara lafiya. Ni kaina na ji haushin mutanenmu, waɗanda ko tauraruwar Zara ba su iya nunawa, amma sun iya girgiza kai.

Wata safiya ya same ni ina wanke babur. Ya ce, "Malam Lawal, ina son abin ɗaukar hoto wanda ka iya kamo wata. In ba su yarda da bakina ba, su yarda da shi."

Na yi mako biyu ina bincike a wayata. Abin da na fahimta bai da yawa. Ba yawan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali ke kamo wata ba, tsawon madubin gaba ne, wanda ke jawo abu mai nisa kusa. Dole kuma mutum ya iya rage haske da hannunsa, in ba haka ba wata ya fito kamar ƙwan lantarki. Sannan a samu sanda mai ƙafa uku, don hannun ɗan Adam rawa yake yi. Arzika ya saurara, ya sayar da tsohon injin jirginsa, muka hau babur zuwa kasuwar Tsamiya, bakin iyaka, wurin wani Namadi mai kawo kayan Kwatano.

Namadi ɗan kasuwa ne na gaske, bakinsa ba ya gajiya. Ya tura tsofaffin kyamarori gefe, ya zaro wata sabuwar waya mai sheƙi. Ya nuna mana hoton watan da ya ce ya ɗauka da ita daga ƙofar shagonsa. Gaskiya ni ta sace mini zuciya. Duk ramukan nan da tabon da ke fuskar wata sun fito raɗau.

Arzika ya kai hoton kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaushe kaɗ ɗauki wanga?"

"Daren Alhamis, Baba."

"Daren Alhamis hadari yat taso. Ina cikin ruwa, wata bai hito sarai ba sai bayan gajimare."

Namadi ya rantse, kuma na yarda da rantsuwarsa. A nan na tuna na karanta cewa akwai wayoyin da in sun hango wani farin abu zagayayye cikin duhu, sai su ƙarasa zanen da kansu daga hotunan da aka cusa musu. Na faɗa wa Arzika. Sai ya ari farin farantin da Namadi ya gama cin shinkafa a ciki, ya jingina shi can ƙarshen ɗakin ajiyar kaya inda babu taga, ya sa ni na haska shi da tocila. Aka koma baya aka ɗauka. Sai ga farantin Namadi ya zama wata, da ramukansa da komai.

Namadi ya yi dariya har da dafa bango. Arzika bai yi ba. Ya ajiye wayar a hankali ya ce, "Wagga shaidar zur ta iya. Ba ni zuwa da ita gaban maigari."

Ya zaɓi wata tsohuwar kyamara baƙa, fentinta ya goge a gefe, mai dogon madubi kamar gwangwanin madara. Hotonta bai kai na wayar kyau ba, ko kusa. Amma da muka gwada ta a kan faranti, faranti ta nuna, har da ragowar mai a bakinsa.

Watanni shida muna koyo bayan sallar magariba. Shi ke faɗin inda za a duba, ni ke murɗa madubi. Mun ɗauki wata yana ɗan kwana uku, mun ɗauke shi yana rabi, lokacin da ramukan bakin inuwa suka fi fitowa. Wata rana muka juya ta ga tauraron Mushtari, sai ga ƙananan ɗigo huɗu a jere kusa da shi, watannin da ke zagaya shi. Arzika ya yi tasbihi ya fi a ƙirga. Na lura kullum sai na girmama masa hoton ƙwarai kafin ya ce ya gani, amma na ce a raina gilashin bayan kyamarar ne ƙarami. Ban so in yi wani tunanin ba.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban muka hau tudu mu biyu, ana zafin bazara. Rana ta faɗi, muka yi salla a nan, muka miƙe. Can sai ya ɗaga hannu. "Ga shi can! Bisa giginyar nan, hagu kaɗan."

Na saita daidai inda yatsansa ya nuna, na ɗauka. Babu komai sai jan sama. Na sake, babu. Sai na janye madubin baya don in kama fili mai faɗi, na ɗauka, na duba. Can gefen dama, nesa da giginyar, ga wani ɗan farin zare a lanƙwashe. Na jawo shi kusa. Jinjirin wata ne, babu shakka.

Na miƙa masa. Ya kalli hoton, ya kalli sama wajen hagu, ya sake kallon hoton. Sannan ya rufe idonsa na dama da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe na hagu. Ya juya kansa wajen kudu, inda ba a taɓa neman wata ba.

"Shina bin idona," in ji shi. "Duk inda nij juya, nan shike."

Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa gani, ita yake ɗauka wata shekara uku. Zan faɗi abin da na yi, ko da ba ya yi mini daɗi. Na ce, "Baba Arzika, wata dai ya tsaya, ga hoto. Babu wanda ya san inda ka nuna sai ni." Ina son in ga an rufe bakin masu girgiza kai, kuma ina tausayinsa har cikin raina. Sai ya fara naɗe sandar kyamarar.

Zauren maigari ya cika. Kyamara ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana kabbara, waɗanda suka daina kallon idonsa suna ta miƙo masa hannu. Da aka natsu, maigari ya yi tambayar da aka saba.

"Arzika, ka gane shi da idonka?"

"Ranka shi daɗe, ban gane shi ba. Wagga na'ura ta gani, ni ban gani ba." Ya ɗan tsaya. "Bara ma ban gani ba, da bara waccan. Na zaci na gani. Duk wanda yaɗ ɗauki azumi bisa maganata, shi yahe mani don Allah."

Maigari ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba a aika da sunan kowa daga ƙauyenmu ba a wannan shekarar. Jim kaɗan rediyo ya sanar cewa an ga wata a wasu garuruwa, gobe azumi.

Muka fito za mu gida. Wayarsa ta yi ƙara, mutanen ƙetare ne, ya miƙo mini ya ce in ba su amsa. Hanyar nan ta gefen fadama shi ya koya wa rabin garin bin ta, ni ma a bayansa na saba tafiya. Da muka zo inda ta ƙuntata, sai na ji ya kama hannun rigata.

"Malam Lawal," in ji shi, "shiga gaba, in bi ka."