Tukunyar Kunun da Ta Hana a Tone Ɗana

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka sa ɗana Bitrus a ƙasa. Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Bakina ne ke wannan magana, hannun matarsa Rifkatu ke rubutawa. Shi kuwa malamin sakandare ne a Kafanchan, yana koya wa yara labarin ƙasa da duwatsu da abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarmu.

Wata Asabar ya zo ƙauyenmu ta wajen Kwoi, ya tarar na sauke kunun dawa, samansa ya daskare ya yi ɓawo. Ya ce, "Mama, kada ki motsa tukuna. Ga duniya nan a tukunyarki." Ya ce ɓawon nan shi ne inda muke noman citta, muke gina coci, ƙarƙashi kuwa zafi ne wanda ba ya mutuwa. Ya ɗan karkata tukunyar, ɓawon ya dare, wani gefe ya hau kan wani. Wai haka ɓawon duniya yake, manyan ɓangarori ne masu tafiya a hankali kamar tsirowar farce. Inda suka yi karo dutse ya tashi, inda suka rabu teku ya shiga. Na ce, "To malam, sha duniyarka kafin ta huce." Ya yi dariya har ya ƙware.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, abu ɗaya ya roƙa: a kwantar da shi bayan ɗakina, gindin mangwaro, maimakon makabartar dangi da ke gindin dutse. Dattawa suka yi gunaguni, amma aka yi yadda ya ce.

Bayan 'yan shekaru, wata rana ina tankaɗe, sai ƙasa ta yi ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa ƙarƙashin gida. Kwanuka suka zube, awaki suka tsinke igiya. Da ta lafa muka zaga baya, sai ga simintin kabarin Bitrus ya tsage daga kai har ƙafa.

Bayan kwana uku, Baba Ayuba, ƙanin marigayi mijina, ya shigo da dattawa da masu diga da shebur. Ya ce, "Matarmu, ruwa ba ya tsami banza. Ƙasa ta ƙi shi a nan. Yau za mu mai da shi wurin kakanninsa." Fasto ya ce a yi addu'a tukuna, ba wanda ya saurare shi. Rifkatu ta je ta kwanta a kan kabarin, ta ce sai dai a haɗa da ita.

Ni ba ƙarfi, ba boko. Na ce, "Iyayena, ba a aikin kabari da yunwa. Ku zauna." Na dama kunu, na bar shi ya yi ɓawo, na ajiye tukunyar a tsakiyarsu. Na karkata ta, ɓawon ya dare a kan idonsu. Na faɗa musu abin da ke sama da abin da ke ciki. Na ce mu muna zaune a tsakiyar ɓangarenmu, nesa da bakinsa, shi ya sa ba mu saba ba, amma dutsen ƙarƙashinmu yana da tsofaffin tsaga, kamar ƙashin da ya taɓa karyewa, wata rana yakan motsa. Sannan na ce, "Baba Ayuba, rumbunka ma ya tsage. Wa ka binne a ciki? Bangon coci fa?"

Ya daɗe yana duban tukunyar. Ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?"

Na ce, "Wanda kuka zo tonewa."

Ya miƙo ƙwarya na zuba masa. Ya shanye, ya share baki, ya ce da masu diga, "Ku tashi mu tafi."

Yau nakan tambayi kaina me Bitrus zai ce. Injin haƙa rijiya yana huda dutse a kowace unguwa, samari sun bi ramukan ma'adinai, in ƙasa ta yi ɗan motsi kuma kafin ƙura ta kwanta waya ta gama shelar tashin duniya. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Tukunya zai nema, ya tara su. Bai taɓa raina wanda bai sani ba, in da yana yi, ai da uwarsa zai fara rainawa.

Baba Ayuba ya bi Bitrus lahira, fasto ya canja gari, littattafan ɗana kuwa gara ta ci rabi. Tsagar nan kuwa tana nan. Rifkatu ta so ta kira magini ya toshe, na hana. Ran Asabar a gefenta nake zama in yanke farce, in dubi ɗan abin da ya ƙaru, in ce ashe mun ɗan matsa. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ne ya san inda za a sauka, amma ƙasar da ke ɗauke da ni ita ke ɗauke da shi, shi a ciki, ni a sama, tafiyarmu ɗaya.