Kisan da Baba Sabi'u Bai Yi Ba

Babana, Sabi'u mai tsire, kowa ya san shi a unguwar Jarwal, nan Makka. Yana goye aka shigo da shi ƙasar nan, iyayensa sun biyo ta Cadi da Sudan, a nan ya girma, a nan ya yi furfura. Rabin rayuwarsa a bakin wuta ya yi ta yana juya tsinke, Larabawa na layi suna cewa a ba su siriya, wato tsire a bakinsu. Mutum ne da ko kaza aka kamo za a yanka, sai ya ƙirƙiro uzuri ya bar gidan. Shi ne wai yau yake rufe fuska da rawani don kunya, yana cewa ya kashe mutum.

Mantuwa ta fara masa bayan an rushe gidanmu na unguwar Nakkasa mun koma haya. Larabci ne ya fara guduwa, sai sunayen jikoki, aka bar shi da Hausar da ya sha a nono. Ni Asiya, 'yarsa ta fari, ni ke jinyarsa. 'Yata Manar kuwa Larabci ya cinye mata baki, Hausarta duk a karkace, amma ga son rubutu kamar me. Ta dage sai ta rubuta littafi da Hausa a waya, irin mai tayar da hankali: mutum ya farka bai san kansa ba, ashe kisa ya yi. Don ta miƙe harshenta sai ta riƙa zama gefen kakanta da hantsi tana karanta masa, shi yana gyara mata kalma. Ni har murna nake, na ce tsoho ya samu abokiyar hira.

Ashe 'yar nema ba ta je nesa neman kayan labari ba. Mutumin littafin mai tsire ne, a Nakkasa yake, wuƙarsa mai ƙotar fata irin ta Baba sak. Kuma da bakinsa yake ba da labarin, na ɗauki wuƙa, na bi Abdulilah lungu. Babu wani Abdulilah fa, sunan kawai ta tsinta.

Wata Juma'a bayan an sauko, maƙwabta suka shigo gaida shi yadda suka saba, na aika da shayi. Baba ya ture tiren ya ce, "Kada ku sha a gidana. Ni na kashe Abdulilah, a lungun bayan tukubata."

Inna lillahi! Ina bayan labule na ji wani ya ƙware. Na leƙa ina dariyar yaƙe ina cewa ciwo ne, amma wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kafin magariba mata sun dame ni da waya, kowa da irin jajenta. Wata har cewa ta yi wai ai mai mantuwa ba ya ƙarya. Na kashe wayar a kunnenta.

Kunyata ba komai ba ce kan tasa. Ya daina cin abinci da mu, ya juya fuska bango. Mutumin da in Asuba ta wuce shi a Harami yini yake yana mita, na kawo keken da muke tura shi ya ce, "Da wane idon zan kalli Ka'aba?" Kullum ramewa yake. Tsorona kada ya koma ga Allah yana ɗauke da jinin mutumin da ba a taɓa halitta ba.

Na wanke Manar tas, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Sai ta zauna ta rubuta sabon babi, inda aka gano mai tsire ba shi ya yi kisan ba. Ta karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mata kalma ɗaya, sannan ya ce, "Wannan ai labari ne, yarinya. Nawa gaske ne."

Daga nan ya fara roƙo a kai shi wurin dangin mamacin. A garin nan kowa ya san wanda ya zubar da jini ba mai ceton wuyansa sai yafiyar magada, kuma Baba ya sha raka dattawa irin wannan roƙon. Na rasa yadda zan yi, na ƙwanƙwasa ƙofar Mukhtaru, maƙwabcinmu direban motar alhazai, wanda Baba ya daina ganewa. Ni da girmana, a cikin Makka, na roƙi mutum ya zo ya yi ƙarya. Ko fuskarsa ban iya kalla ba.

Ya zo bayan La'asar. Na ce, "Baba, ga ɗan Abdulilah." Kafin mu tare shi ya zamo daga gado ya kama ƙafafun Mukhtaru, yana kuka yana cewa a yi masa duk hukuncin da aka ga dama. Mukhtaru ya durƙusa ya ɗago shi, shi ma hawaye yake.

"Na yafe, Baba," in ji shi. "Saboda Allah na yafe, ba diyya ba komai."

Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya ce gobe a kai shi ɗawafi. Ni da Manar muka rungume juna a kicin.

Da safe na shiga da kunu na tarar ya juya bango, rawani a fuska. Yafiyar ta goge, kisan yana nan daram. Yanzu kullum bayan La'asar Mukhtaru na shigowa ya yafe, Allah Ya saka masa, ko sau ɗaya bai nuna ya gaji ba. Yau ma da na shiga, Baba ya kama gefen zanena ya yi ƙasa da murya.

"Asiya, kina ganin yaron nan zai yarda ya ga fuskata?"

Na ce zai yarda, Baba, sha kununka tukuna.