Gefen da Igiyar Ta Sauka

Ina kafa zoben ƙarfe a bango matata Hajara ta shigo, ta riƙe ƙugu.

Tabarma na rataya a rufin ɗakinmu da ke unguwar Pelourinho, a ƙasar da aka kawo mu bauta, na zuro igiyarta ta cikin zoben. In an ja, sai ta kaɗa iska.

Ta ce, "Malam, wa zai riƙa ja?"

Na gane tsoronta. Kafin mu fanshi kanmu, ƙuruciyarta wajen yi wa uwargijiyarta fifita ta ƙare.

Na ce, "Dubi inda igiyar ta sauka. Gefen da nake kwana ne."

Ta kishingiɗa tana gunaguni, na fara ja. Nan take barci ya kwashe ta, da ranar Allah.

Hannuna ya ƙage, amma wallahi ban saki ba.

Ku fa, wa kuka taɓa hutarwa?