Hajji Yunus Bai Taɓa Hawa Arfa Ba

Kafin rana ta leƙo kan duwatsun Makka, Baba Yunus ya riga ya yayyafa ruwa a ƙofar makarantarmu da ke bayan unguwar Misfala, ya cika randuna, ya buɗe tagogi. Yara na shigowa yana duba ƙafafunsu, wanda bai wanke ba ya koma. Haka na same shi ina ɗalibi, haka nake ganinsa yau ina koyarwa a wurin. Hajji Yunus kowa ke ce masa, don a garin nan wane ne ba hajji ba?

To jama'a, ku zauna da kyau. Bawan Allahn nan bai taɓa hawa Arfa ba.

Makarantarmu ta unguwa ce, ɗan kowa yana shiga, ba a karɓar ko ƙirshi. Abin da ke riƙe da ita shi ne lokacin aikin hajji: a sallami yara, a ba mahajjata hayar ɗakunan, da wannan a biya malamai har shekara ta zagayo. Ginin yana hannun Umda Awwalu, mai unguwarmu. Karatu kuma yana hannun kwamiti, wanda Malam Tsoho ke shugabanta. Su biyun nan kuwa ba sa ga maciji da juna. Umda ya ce ba zai yarda da haya ba sai an sami mai tsaron kayan baƙi ranakun da gari ke kwashewa zuwa Mina da Arfa, don in akwati ɗaya ya ɓace sunan unguwa ne zai ɓaci. Ya kawo mutanensa, kwamiti ya ƙi. Kwamiti ya kawo nasa, Umda ya ƙi. Mutum ɗaya suka haɗu a kansa, wani baƙo mai share ƙofa da ya zo a ƙafa ta Sudan, wato Baba Yunus. Babu wanda ya tsaya tambayar yaushe ya iso. Ashe a Muharram ya shigo gari, an riga an watse daga hajjin shekarar.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Makon jiya, ganin gwiwoyinsa sun gaji, aka haɗu a tsakar makaranta don a sallame shi da girma. Malam Tsoho ya miƙe yana addu'a, ya ce, "Allah Ya karɓi wahalarka, Hajji Yunus, kamar yadda Ya karɓi tsayuwarka ta Arfa."

Baba Yunus ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, a gyara addu'ar. Ni ban je ba tukuna."

"Ba ka je ina ba?"

"Arfa. Ai ina bakin ƙofa."

Umda ya miƙe har carbinsa ya faɗi. "La haula! Ya shehu, me kake faɗa? Kai da na damƙa wa makulli da hannuna, ko sau ɗaya ba ka ce min ba?"

"Na ce, ranka ya daɗe. Shekarar da na roƙa a bar Sabo ya zauna a madadina."

Sai aka fara kallon juna, don kowa ya tuna shekarar. Sabo ƙanen matar Umda ne, kwamiti ya ce sam. Umda ya fusata ya ce halas, shi ke nan, bana babu haya, a rufe makarantar ma. Malamai biyu har sun fara neman aikin dako a unguwar Jarwal. Kwana kaɗan Baba Yunus ya dawo ya ce ya fasa tafiyarsa, aka yi hamdala. Wace tafiya ce? Haba! Dattawa cike da zaure, ba a sami mai tambaya ba.

Inna Hajara, wadda gidanta ke kallon makarantar, ita ta ƙarasa karya mu. Ta yi magana daga bayan ƙyaure tana kuka. Ta ce duk ranar Arfa, gari ba kowa sai mata da tsofaffi, tana ganinsa ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ya fuskanci hanyar Mina, hannu a sama tun azahar har rana ta faɗi. "Na ɗauka kewa ce irin ta wanda ya saba zuwa," in ji ta.

Baba Yunus, kai ne mutumin da ya ratso daji da teku don wuni ɗaya, ka iso har inda kake jin talbiyyar masu tafiya, ka zauna gadin buhunansu don kada 'ya'yan wasu su rasa malami. Amintaccen gida biyu. Manya suna ta ja-in-ja muna cewa ai haɗin kai ne ya riƙe makaranta, ashe kai kaɗai kake biyan farashinsa. Na ji haushi, Baba, haushin dukanmu, har da naka na yin shiru.

Abu ɗaya ya ɗan sanyaya min rai. A wurin Umda ya ce bana shi da kansa zai zauna bakin ƙofar. Malam Tsoho ya ce baɗi shi ne, ya miƙa masa hannu, abin da ban taɓa gani ba. To bayan baɗi fa? Ku da kuka hau Arfa har kun daina ƙirgawa, makarantar nan 'ya'yanku ne a ciki. Kowa ya zo ya ɗauki shekararsa, kuma duk wanda kuka ɗora wa amana, ku riƙa tambayarsa abin da ya bari don ya riƙe ta.

Mun gode, Baba. Allah Ya ja kwananka Ya kai ka, ko a kafaɗa ne mu ɗauke ka. Jiya na je na ce masa zan saya masa harami. Ya yi murmushi, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin shimfiɗarsa: farin ƙyalle biyu, ninkinsu har ya yi ja don daɗewa.

"Tun a Jidda na saya, ɗana," ya ce. "Da na riga na bar wa Hajara wasiyya a yi min likkafani da su. Je ka ce mata ta dakata."