Walimar Turancin Illo

Idan ka shiga Ƙofar Marke a Sakkwato ka nemi gidan Illo, ba wanda zai tambaye ka wane Illo. Za a nuna maka wani zaure mai faɗi, wanda har yau warin fata bai gama barin bangonsa ba, a ce maka ga gidan mai saukar Turanci nan. Katangarmu ɗaya da su, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. A kunnena aka yi shi, kuma kunnen ya sha wuya.

Mahaifinsa, Alhaji Maccido, shi ne wakilin wani kamfanin Turawa mai sayen fatu da ƙiraga. Sikelin kamfanin a zaurensa yake rataye, a jikin wata ƙugiyar ƙarfe da aka kafa a azara. Duk mai fatar jan akuya, daga cikin gari har Dundaye da ƙauyukan bayanta, nan yake kawowa a duba, a ware mai kyau da mai huda, a auna. Wannan sikeli shi ke ciyar da gidan, mata da yara da tsofaffi, har da baƙin da ba su san ranar tafiya ba. Alhaji bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, bai kuma bukace ta ba, don manajan zamaninsa ya iya Hausa har da ba'a.

Da Alhaji ya rasu, sikeli ya dawo hannun Illo. Lokacin ko'ina ka zauna maganar mulkin kai ake yi. Manaja ya kira shi kanti ya gaya masa gaskiya: kamfani zai rage Turawansa, shi kansa gida zai koma, kuma duk wanda zai riƙe sikeli dole ya riƙa magana da mutanen babban ofis na Ikko, wato Legas, waɗanda ba sa jin Hausa. Ya ce za a turo mai dubawa nan gaba, ya zanta da shi ya ji. Ya kuma kwantar masa da hankali cewa ba Turancin alƙali ake nema ba, sai dai wanda zai ishe shi ya faɗi wace irin fata ce, ina aka samo ta, yaushe mota za ta zo ɗauka. Ya ba shi lokaci mai yawa, wanda ko kurma zai iya tsintar wani abu a cikinsa.

To Illo ta wajen uwa jikan malamai ne, ya yi hadda tun yana ƙarami, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. A wurinsa karatu duk karatu ne, hanyarsa ɗaya. Ran nan bayan la'asar ya tara mu a zaure ya shimfiɗa mana shirinsa, yana yi yana shafa gemu. Zai nemi littafi, ya karɓe shi daga bakin malami layi-layi, ya haddace, ya yi ta tilawa har ya zauna, ya sauke, a yi walima. Sai bayan walima zai buɗe baki ya yi Turanci da wani mahaluki.

Wani daga cikinmu ya ce, "To kahin nan ba ka ɗan taɓawa da direbobin mota?"

Illo ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? In tsaya tasha ina kwaɓa magana yara na yi min dariya? Wanda bai sauke ba ba ya buɗe baki gaban jama'a. Haka munka taras, haka za mu bari."

Shirin fara karatun kaɗai ya ci watanni. Sai da aka ɗinka wa littafin gafaka ta jar fata mai tuntaye. Sai da aka sayi sabon buzu, don wai ba a haɗa karatun Nasara da na gida a shimfiɗa ɗaya. Sai kuma aka jira Laraba, tunda ita ce ranar fara karatu. Larabar farko ta zo yana mura, ta biyu an yi rasuwa a unguwa, ta uku ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba.

Malamin da ya samu shi ne Malam Siddiƙu na Ƙofar Kware, tsohon akawun En'e da ya yi murabus, mutum mai haƙuri wanda Allah ya jarrabe shi da Illo. Littafin kuwa na 'yan firamare ne, mai hoton kare da wata mata da butar shayi. Tun a farko tsohon ya gaya masa, "Illo, wanga abu ba haka a ka koyonai ba. Abin da kak koya yau, tahi ka hwaɗa ma wani yau, ko da ka ɓata. Ga kukun manaja nan, ga direbobi." Illo ya ce ya ji. Da ya fito sai ya gaya mana tsufa ya fara taɓa Malam Siddiƙu.

Daga nan muka shiga uku. Kullum bayan asuba sai muryarsa ta tsallako katanga, yana jan Turanci da irin karin da ake jan karatun allo, yana rangaji gaba da baya. Ma'anar abin da yake rerawa da wannan murya mai sa tsikar jiki ta tashi, kamar yadda Malam Siddiƙu ya fassara mana, ita ce: wannan kare ne, karen yana gudu, matar tana da jar hula. In ya yi tuntuɓe a tsakiya ba ya gyarawa a nan, sai ya koma kan kare ya sake ɗaukowa. Haka aka koya masa hadda, haka kuma ya riƙe. Har kajin gidanmu sun san wannan kare.

Akwai wani Arzika, mutumin Dundaye, da ke kawo fatu a kan jaki. Shi wannan Allah bai ba shi kunya ba ko ta sisin kwabo. In motar kamfani ta zo sai ya manne wa direba da yaran mota, ya tsinci kalma nan, ya tsinci wata can, ya haɗa su yadda ya ga dama ya jefa wa mutum, hannu na taya baki. Turancinsa abin tausayi ne, Malam Siddiƙu in ya ji shi har toshe kunne yake yi. Kowa na yi masa dariya, amma ba wanda ya kai Illo, wanda kan riƙe ciki ya ce a zo a ji jaki ya fara koya wa ubangidansa magana. Arzika sai ya taya su dariyar, gobe kuma ya dawo da sabuwar kalma.

Delu, matar Illo, ita ce kaɗai ke tuna abin da ake nema. Na ji ta ta katanga tana cewa, "Malam, mutanen ga in sun zaka, kare za su tambaya ko hwata?"

Ya ce, "Ke mi kin ka sani ga karatu? Bari in sauke ki gani."

Ya kuwa sauke. Aka yanka rago, aka yi tuyar masa, aka raba goro har Ƙofar Kware. Malaman unguwa suka zo don kunyar marigayi Alhaji, suka zauna suna duban juna, ba su san wace addu'a ake yi wa irin wannan sauka ba. Illo ya hau sabon buzu cikin babbar riga, ya ja littafin daga bango zuwa bango da ka, har da sunan garin da aka buga shi. Gaskiya bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama, Malam Siddiƙu ya jefa masa wata 'yar tambaya da Turanci, wai yaya sunansa. Illo ya yi murmushi ya ce ba a jarraba ɗalibi ranar walimarsa. Tsohon ya ci masarsa, ya sa takalmi, ya tafi.

Ba a daɗe ba mai dubawa ya iso, wani dogon Bature da zafin Sakkwato ya dafa shi ya yi jajir. Zauren ya cika da masu kawo fata, Arzika ma yana bakin ƙofa da jakinsa. Baturen ya ɗaga wata fata daga tari, ya shinshina, ya juya ta, ya yi wa Illo tambaya.

Tambayar, kamar yadda muka ji daga baya, ita ce: waɗannan jajayen fatun a inuwa aka shanya su ko a rana? Duk faɗin Sakkwato ba wanda ya fi Illo sanin amsar wannan, don da yatsa biyu yake gane fatar da rana ta taɓa. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Amma cikin duk maganar kalma ɗaya ya kama, kalmar ja, ita kuwa ya san inda take, tana wajen hular matar nan. Sai dai mai hadda irin tasa ba ya faɗawa karatu ta tsakiya. Ya gyara zama, ya lumshe ido, ya ɗauko daga kare.

Baturen ya saki baki. Ya ɗaga hannu ya ce wani abu, Illo ya ɗaga nasa hannun, alamar ba a katse mai karatu. Da Baturen ya sake magana sai karatun ya kuɓuce masa, ya yi gyaran murya, ya koma kan kare. Ni da ke zaune a gefe na rasa inda zan sa fuskata.

Sai muka ji Arzika daga bakin ƙofa ya jefo kalmomi uku ko huɗu, yana nuna sama yana girgiza kai, yana nuna ƙarƙashin rumfa yana gyaɗa kai. Baturen ya juya ya dube shi, ya sake tambaya, Arzika ya sake kwaɓawa. Suka fita waje tare suna ta faman fahimtar juna da baki da hannu. Illo yana ciki, ido rufe, ya kusa isa wajen hula.

Kafin a ɗaga tutar mulkin kai motar kamfani ta tsaya a ƙofar gidan. Aka sa tsani, aka sauke sikelin da ya ciyar da gidan Alhaji Maccido tun kafin a haifi Illo, aka nufi da shi rumfar da Arzika ya kama kusa da kasuwa. Delu tana tsaye bayan ƙyaure, ba ta yi kuka ba sai da ƙarar motar ta ɓace. A watan nan ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida, baƙin da ba su san ranar tafiya ba kuma duk suka tuna da ranar.

Na shiga yi masa jaje da yamma, ina zaton zan same shi a karye. Na same shi a kan buzu yana shafa gemu.

Ya ce, "Na gane inda kuskuren yake. Littahi na biyu na ban sauke ba. Laraba mai zuwa za ni hwarawa."

Na ɗaga kai don kada ya ga idona. Ƙugiyar sikelin tana nan a azara inda take, ya rataye gafakar littafinsa a jikinta.